Mai Ƙwanƙwasa Ƙofar Mawadata Domin Jama'a: Roƙo Yake Yi Ko Riƙon Amana?

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa bisa hikimarSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ya san cewa da zarar an kawar da masara, aka shiga saran rake, kuɗi suka fara zama a hannun mutane, to sai takardun gayyata su kama yawo. Daga Kurmin Kogi zuwa Paki, daga Auchan zuwa Hunkuyi, yau ƙaddamar da gidauniyar makarantar Islamiyya, gobe ta masallacin Juma'a, jibi ta asusun marayu. A kafa rumfa, a ɗaura lasifika, a zaunar da babban baƙo mai ƙaddamarwa, sanƙira ya yi ta shelar abin da kowa ya bayar. Sau da yawa ana tashi da farin ciki. Amma idan aka koma wurin bayan shekara biyu, ba abin mamaki ba ne a tarar gini ya tsaya a linta, wasu alkawuran ba a cika su ba, malamai kuwa suna bin bashin albashin wata uku. Dalili shi ne taron yini ɗaya yana iya sayen bulo da kwano, amma ba ya iya ciyar da malami shekara goma.

Wannan ne ya sa masu tunani suke kawo shawarar a sake hanya, watau kowace ƙungiya ta ware mutum ɗaya ko biyu waɗanda za su riƙa zuwa wurin masu hali ɗaya bayan ɗaya, su zauna da su a natse, su yi musu zancen kyauta mai tsoka, da waƙafi, da wasiyya. A Amurka da Ingila wannan aiki ya daɗe da zama sana'a mai zaman kanta a jami'o'i da asibitoci. A shekarar 2023 mutanen Amurka sun ba da kyautar kimanin dala biliyan 557, kuma kusan biliyan 43 daga ciki ta hanyar wasiyya suka fito. Ita kanta jami'ar Harvard ta samo sunanta ne daga wani limamin Kirista, John Harvard, wanda ya rasu a 1638 ya bar mata rabin dukiyarsa da littattafansa.

To, amma mutumin kirki yakan ji nauyin wannan aiki, kuma yana da hujja. Yakan ce: shin wannan ba bara ba ne da babbar riga? Shin ba fifita mai kuɗi ba ne a kan talaka? Kana yaya za a dubi idon dattijo a yi masa zancen mutuwarsa, domin a sami rabo cikin abin da 'ya'yansa suke jira? Waɗannan tambayoyi uku ba na wasa ba ne, domin a cikinsu akwai mutuncin mai nema, da lahirar mai bayarwa, da haƙƙin marayu.

SHIN BARA NE?

Babu shakka Musulunci ya ƙi jinin roƙo. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani ga mai roƙon mutane ba da larura ba, sun kuma nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yi itace ya sayar ya fi masa alheri. Sai dai abin da aka hana shi ne mutum ya roƙa wa kansa domin ƙarin dukiya. Ƙabisa ɗan Muhariƙ, Allah Ya yarda da shi, ya ɗauki nauyin biyan wasu kuɗi domin sulhu tsakanin mutane, ya zo neman taimako, Annabi (S.A.W.) kuwa ya lissafa irinsa cikin mutum uku da roƙo ya halatta gare su. Har ila yau, ranar da wasu mutane daga ƙabilar Mudar suka iso Madina cikin tsumma da yunwa, Annabi da kansa ya miƙe ya yi huɗuba ya kwaɗaitar da jama'a, har wani Ba'ansare ya zo da jaka wadda hannunsa ya kusa kasa ɗauka, sauran mutane suka bi sawunsa. Haka kuma aka yi a shirin yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira.

Ashe ke nan nema wa wasu ba ƙasƙanci ba ne, yana cikin babin ceto da shiga tsakani, wanda aka yi alkawarin lada a kansa. Amma fa da sharaɗi biyu. Na farko kada wani abu ya manne a hannun mai nema ta bayan fage. Na biyu ya faɗi gaskiyar buƙata yadda take. Idan marayun makaranta talatin ne kada su zama ɗari a takarda, idan rijiya ɗaya ake nufi kada a ce uku. Wanda ya karɓi dukiyar mutum da labarin ƙarya ya ci ta da zalunci, ko da kuwa a masallaci ya kashe ta, domin yardar da aka samu da yaudara ba yarda ba ce.

FIFITA MAI HALI

Lissafi ne ya nuna cewa a mafi yawan ayyuka 'yan mutane kaɗan ne suke kawo kaso mafi girma. Ko a Tabuka abin da Sayyidina Usman ɗan Affan ya bayar ya rinjayi na jama'a da yawa. Saboda haka babu laifi ma'aikacin ƙungiya ya ɓata yini uku a kan mutum ɗaya wanda zai iya rufa ajujuwa shida. Inda haɗarin yake shi ne lokacin da yawan zaman ya koma yawan daraja. Suratu Abasa ta sauka ne a kan makamancin wannan, sa'ad da makaho Ibn Ummi Maktum ya zo da tambaya alhali Annabi (S.A.W.) yana fuskantar manyan Ƙuraishawa, yana fatan musuluntarsu ta amfani addini. Manufar kyakkyawa ce, duk da haka sai da aka yi masa tuni. Idan an yi wa fiyayyen halitta tuni a kan wannan, ina ga sakataren kwamiti?

A cikin Suratut Tauba, aya ta 79, Allah Ya zargi munafukai waɗanda suka yi wa masu sadaka ba'a ta fuska biyu, wanda ya kawo mai yawa suka ce riya ce, wanda ya kawo ɗan dabino gwargwadon ƙarfinsa suka ce Allah ba Ya buƙatarsa. Ayar ta kare mutuncin su biyun. Tsohuwar da take aiko da mudun masara kowace kaka tun shekara ashirin tana da haƙƙin a rubuta sunanta a littafi ɗaya da Alhajin da ya ba da miliyan, a kuma yi mata bayanin inda aka kai masararta kamar yadda ake yi masa. Ƙungiyar da ta manta da masu mudu ta jingina da mutum ɗaya, ranar da ya yi fushi ko ya faɗi, ita ma ta faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da na attajiri ne.

Akwai kuma bambanci tsakanin sharaɗin mai bayarwa da cinikin mutane. Malamai sun tabbatar da cewa ana bin sharaɗin mai waƙafi muddin bai saɓa wa Shari'a ba. Idan ya ce kuɗinsa na ajin 'yan mata ne, ko na rijiya, ko na maganin masu haihuwa, to wajibi ne a kai su can. Amma idan sharaɗin shi ne a tuɓe limamin da ya faɗa masa gaskiya, ko a kori malamin da ya hori ɗansa, ko iyayen yara su jefa masa ƙuri'a ranar zaɓe, wannan ya fita daga sadaka ya shiga saye, kuma kwamitin da ya karɓa ya san cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Haka nan dukiyar da aka tabbatar ta sata ce daga baitulmalin jama'a, hanyarta ita ce a mayar wa masu ita, gina masallaci ba ya wanke ta. Wanda ba a san shi da wani mugun abu ba kuwa, ba a ɗora wa kowa binciken aljihunsa ba.

GODIYA DA BANBAƊANCI

Godiya ga mai alheri umurni ne. Annabi (S.A.W.) ya kasance yana yi wa masu kawo zakka addu'a, kamar yadda ya yi wa iyalan Abu Aufa. Banbaɗanci kuwa wani abu ne dabam. Hadisin da Imam Muslim ya ruwaito ya ambaci mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar Ƙiyama, ɗaya daga cikinsu mai dukiya ne wanda ya ciyar domin a kira shi mai kyauta, aka kuwa kira shi, ladansa ya ƙare a nan. Saboda haka sanƙiran da ya haɗa Alhazai biyu gasa a gaban taro, yana zuga wannan da abin da wancan ya bayar, ya samar wa makaranta kuɗi, amma mai yiwuwa ne ya jawo wa 'yan'uwansa biyu asarar da ta fi kuɗin.

Wani zai ce: ina ruwan yara da niyyar wanda ya saya musu kwano? Rufi dai ya tare ruwan sama, ko da ikhlasi aka yi shi ko da riya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin kyautar ta inganta a hukunci, kuma zukata Allah kaɗai Ya san su. Amma amsarta iri biyu ce. Mai nema ɗan'uwan mai bayarwa ne, nasiha gare shi wajibi ce, ba ya halatta ya mai da raunin zuciyarsa hanyar shiga aljihunsa. Sa'an nan kuɗin da aka samu da zuga suna bin inda lasifika ta fi ƙara. Su ne suke gina babbar ƙofa da doguwar hasumiya, waɗanda ido yake gani, su bar albashin malami da alli da gyaran masai, waɗanda ba mai yi musu kirari.

Rubuta sunan mai bayarwa a jikin gini ba haramun ba ne. Suratul Baƙara, aya ta 271, ta yaba bayyana sadaka, sa'an nan ta nuna ɓoyewa ya fi. Har yau ana kiran rijiyar Ruma a Madina da sunan Sayyidina Usman wanda ya saye ta ya bar wa Musulmi, alhazai kuma sun san magudanar ruwan da Zubaida matar Haruna Rashid ta kai Makka. Sau da yawa ma sunan da aka rubuta shi ne yake hana wani ya haɗiye wurin bayan shekaru. Abin da ya dace shi ne a ba mutum zaɓi, a gaya masa falalar ɓoyewa da amfanin bayyanawa, kada sunan ya zama farashin da ake tallatawa.

ABIN DA YA KAMATA A NEMA

Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya sami wata gona a Haibara wadda bai taɓa mallakar abin da ya fi ta ba, ya nemi shawarar Annabi (S.A.W.), aka nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Sai ya shar'anta cewa ba za a sayar da ita ba, ba za a kyautar ba, ba za a gāda ba. Wannan shi ne waƙafi, wanda malaman Malikiyya suka fi kira hubusi. Da irinsa ne masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas, wanda tarihi ya jingina kafa shi ga Faɗimatu al-Fihriyya a 859, da Azhar ta Alƙahira, suka rayu ɗaruruwan shekaru suna ɗaukar nauyin malamai da ɗalibai.

A ƙasar Hausa an san haƙa rijiya, da dasa itace, da buɗe zaure ga almajirai da baƙi, amma rubutaccen waƙafi mai kawo kuɗin shiga bai yaɗu ba kamar yadda ya yaɗu a Masar da Turkiyya. A wannan ƙarni an fara farga. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Zamfara da Sakkwato ma suna da nasu hukumomin. A 2014 Alhaji Aliko Dangote ya ware wa gidauniyarsa dala biliyan 1.25, a Saudiyya kuma attajiri Sulaiman al-Rajhi ya raba dukiyarsa tun yana da rai, ya mai da kaso mai girma waƙafi. Sai dai kada mai karatu na Kurmin Kogi ya ɗauka wannan ƙofa ta masu biliyan ce kawai. Fadama ɗaya da ake noman rake ko tumatir, ko shago biyu a kasuwar Makarfi, ko injin niƙa, ko gidan haya a Samaru inda ɗalibai suke neman ɗaki, kowannensu yana iya riƙe albashin malami ko biyu muddin ana kula da shi. Mazhabar Imam Malik ma ta sauƙaƙa, domin ta yarda a yi hubusi na ƙayyadadden lokaci, kamar amfanin gona na shekara goma, sa'an nan ta koma ga mai ita.

Amma akwai wani sharaɗi da ake yawan tuntuɓe a kansa, watau karɓa a hannu. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Zazzau, ta bayyana cewa kyauta da sadaka da hubusi ba sa cika sai an karɓe su, idan kuwa mai su ya rasu kafin a karɓa, sun koma gado. Sau nawa dattijo yakan ce a gaban mutane ya ba makaranta gonarsa ta bakin rafi, amma ya ci gaba da nomanta har ya koma ga Allah, sa'an nan rigima ta tashi, kwamiti ya ce magada sun ci amana, alhali a hukunci magadan ne suke da gaskiya? Aikin mai nema a nan shi ne ya tabbatar an miƙa wurin, an kafa shaidu, an rubuta, dagaci da alƙali sun sani. Tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma iko a kan filayen karkara, wajibi ne a bi ta wurin hukuma a sake takarda. Ya kuma kyautu ƙungiya ta yi rajistar amintattunta a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, domin dukiyar ta zauna da sunan ƙungiya, kada ta zauna da sunan shugabanta ta faɗa cikin nasa gadon.

ZANCEN WASIYYA DA HAƘƘIN MAGADA

A nan ne mas'alar ta fi nauyi. Bahaushe yana ganin yi wa mai rai zancen gadonsa kamar mugun fata ne. Addini kuwa ya kwaɗaitar da cewa wanda yake da abin yin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ta kasance a rubuce ba, kamar yadda Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito. An kuma nuna cewa mafificiyar sadaka ita ce wadda mutum ya yi yana da lafiya, yana son dukiyar, yana tsoron talauci, tun kafin rai ya kai maƙogwaro. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka tunatar da mai lafiya nasiha ce, muddin an yi ta da ladabi da sanin lokacin magana.

Sai dai a dubi yadda Annabi (S.A.W.) ya yi da manyan masu bayarwa, domin a nan ne ma'aunin yake. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwo mai tsanani a Makka, yana da dukiya mai yawa, a lokacin kuwa 'ya ɗaya gare shi. Ya nemi ya ba da kashi biyu cikin uku, aka hana shi. Ya nemi rabi, aka hana shi. Sai a sulusi aka tsaya, aka kuma nuna masa cewa sulusin ma yana da yawa, kuma barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna miƙa hannu ga mutane. Sa'adu ya warke, ya rayu shekaru sama da arba'in bayan haka, ya kuma haifi 'ya'ya da yawa. Abu Ɗalha ya kawo lambun Bairuha, mafi soyuwar dukiyarsa, aka yaba masa, sa'an nan aka shawarce shi ya raba wa danginsa. Ka'abu ɗan Malik ya so ya fita daga dukiyarsa duka don murnar karɓar tubarsa, aka ce ya riƙe wani sashe. A dukkan wurare ukun wanda aka kawo wa kyautar shi ne ya rage ta ko ya juya ta zuwa ga dangi, alhali Madina tana cike da mabukata. Abdullahi ɗan Abbas ma ya so da mutane za su sauko zuwa rubu'i.

A ɗauki misalin manomi wanda ya bar dukiyar naira miliyan 30. Za a fara da hidimar jana'iza da biyan bashi, a ce miliyan 3. Saura 27. Iyakar abin da wasiyyarsa za ta ci shi ne miliyan 9, sauran 18 na magada ne, kuma duk abin da ya haura 9 ba ya zartuwa sai da yardarsu. Babu wasiyya ga mai gado sai sauran sun amince. Kyautar da aka yi a cikin ciwon ajali ita ma daga sulusin nan take fita. Saboda haka kwamitin da ya je asibiti da takarda ya sa hannun majinyaci a kan rabin gonakinsa bai samo wa makaranta komai ba sai shari'a da baƙin jini.

Mai nema na gari yakan fara da tambayoyin da za su iya rage abin da zai samu. Shin akwai bashi? Akwai zakkar da ba a fitar ba? Akwai ƙananan yara da matan da ba su da sana'a? Akwai jikoki waɗanda mahaifinsu ya rasu kafin kakansu? Waɗannan jikoki ba sa gado idan akwai baffanninsu, kuma sau da yawa su ne mafi cancantar sulusin. Saboda irin halinsu ne Masar ta kafa dokar wasiyya ta wajibi a 1946. Idan ma'aikacin ƙungiya ya je neman miliyan 9 ya dawo da 3, domin ya tuna wa dattijo marayun gidansa, to bai yi asara ba, ya bi sawun abin da aka yi da Abu Ɗalha.

Ya kuma yi hattara kada a mai da shi makami. Akwai mai son yin waƙafi domin ya huce haushin ɗansa, ko domin kada gona ta bi 'ya mace zuwa gidan miji. Suratun Nisa'i, aya ta 12, ta shar'anta cewa wasiyya kada ta zama ta cutarwa, Muhtasar na Shaihu Halil kuma ya ɓata hubusin da aka yi wa 'ya'ya maza aka ware mata. Haka nan wasiyya mai ita yana da ikon warware ta har ranar da ya cika, don haka ba a gina kasafi a kanta, ba a kuma canja wa mutum fuska don ya canja ra'ayi. Abin da ya faɗa game da dukiyarsa da iyalinsa sirri ne, ko da yake ya kyautu a shawarce shi ya sanar da manyan 'ya'yansa da bakinsa.

Su ma magada akwai nasu nauyin. Sulusin da aka yi wasiyya da shi bisa ƙa'ida ba sata aka yi musu ba, haƙƙin mahaifinsu ne wanda Allah Ya ba shi domin guzurinsa. Suratul Baƙara, aya ta 181, ta ɗora zunubi a kan wanda ya canja wasiyya bayan ya ji ta. Ɗan da ya ɓoye takarda, ko ya yi ta jan ƙafa har shaidu suka mutu, ya yanke wa mahaifinsa sadaka mai gudana a lokacin da ba ya iya yin wata.

LADAN MAI AIKI DA AMANAR BAYAN RAI

Shin mai wannan aiki zai karɓi lada? Na'am. Suratut Tauba, aya ta 60, ta ba masu aikin tara zakka rabo, Sayyidina Umar kuma ya yarda mai kula da waƙafinsa ya ci daga ciki gwargwadon abin da aka saba. Amma Imam Malik a cikin Muwaɗɗa ya nuna cewa ma'aikaci ba shi da wani yankakken kaso, sai abin da shugaba ya ga ya dace da aikinsa. Akwai hikima a nan. Wanda ake ba kashi goma cikin ɗari na duk abin da ya samo, ba zai so ya tuna wa dattijo jikokinsa ba, domin kowace nairar da ta koma ga marayu ta rage masa kobo goma. Babbar ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka ita ma ta haramta wa 'ya'yanta karɓar la'ada bisa kaso. Albashi sananne wanda kwamiti ya yanke a fili shi ne ya fi tsarki. Game da ɗan abin da attajiri yakan cusa wa manzo a aljihu kuwa, labarin Ibnul Lutbiyya ya isa, wanda ya dawo daga aikin zakka ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Annabi (S.A.W.) ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa.

Amanar ba ta ƙarewa ranar da aka karɓi takarda. Wajibi ne a ware asusun zakka daga na sadaka, domin zakka tana da gidaje takwas, kuma jumhurun malamai ba su yarda a gina masallaci da ita ba. Wajibi ne kowace shekara a karanta wa jama'a abin da gonar waƙafi ta kawo da inda aka kai shi, a kuma aika wa iyalan mamaci da kwafi. Tarihin ƙasashen Musulmi ya nuna cewa abin da ya fi kashe waƙafi shi ne sakacin masu kula da shi, har hukumomi suka sami hujjar sa hannu, kamar yadda Masar ta soke waƙafin iyali a 1952. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kwamitin da ya riƙe shago ɗaya da gaskiya shekara biyar, yana nuna lissafi, ba zai sha wuyar samun na biyu ba, domin masu hali suna kallo ko da ba su yi magana ba.

Amsar tambayar da aka fara da ita ke nan. Mai ƙwanƙwasa ƙofar mawadata domin jama'a yana tsaye tsakanin mutum uku: mabukacin da ya aiko shi, da mai dukiyar da yake son tsira, da magajin da ba ya wurin balle ya kare kansa. Idan ya kiyaye haƙƙin na farko kawai, to maroƙi ne wanda ya iya magana. Idan ya kiyaye na dukkansu, ko da hakan ya rage abin da zai kawo, to amintacce ne, kuma hadisi ya lissafa ma'ajin da yake isar da abin da aka umurce shi da daɗin rai cikin masu sadaka. Ya kamata kwamitocin makarantu da masallatan Ikara da Makarfi da Kudan, kafin su buga takardar gayyata ta kaka mai zuwa, su zauna da malami masanin gado da alƙali, su rubuta ƙa'idojin karɓar waƙafi da wasiyya, sa'an nan su zaɓi wanda za su aika bisa gaskiyarsa, ba bisa zaƙin bakinsa ba.

Allah Ya sanya albarka a dukiyar masu bayarwa, Ya tsare masu karɓa daga cin amana, Ya jiɓinci lamarin marayu. Allah ne Mafi sani.